Ɗakin Ƙulu a Okala

Duk wanda ya taɓa sayen kwaɗo a layinmu na kasuwar Mont-Bouët a nan Libreville ya san Malam Idrissa, amma ba kowa ne ya san magini ne ba. Ni kaina da rumfata ta atamfa ke manne da tasa, sai da muka daɗe muna raba inuwa ɗaya kafin na sani. Dogo ne mai ɗan rankwafawa, marar yawan magana, irin mutumin da za ka gaishe shi ya amsa da rabin baki ka ɗauka fushi yake, alhali haka Allah ya yi shi. Kwaɗo yake sayarwa da sakata da ƙusa. Hannunsa ne ya fara tona masa asiri. In babu ciniki sai in ga tafinsa yana shafa katangar bulo da ke bayansa, daga ƙasa zuwa sama, a hankali, shi kuma idonsa na kan hanya. Na ce masa, Malam, katangar nan ba taka ba ce, ta hukuma ce, ka bar ta ta huta. Ya dubi hannun nasa kamar na wani ne, ya mayar da shi kan cinya.

Daga wani ƙauye yake a ƙasar Damagaram, kuma gidansu gidan magina ne tun kaka da kakanni. Da siminti ya shigo aikin ƙasa ya ja baya, sai ya bi wani ɗan garinsu zuwa Gabon, don an ce masa a nan gini ake yi ba dare ba rana. Ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai ba a faɗa masa cewa ba mai gini da ƙasa a garin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya ba. Ya yi dakon bulo har bayansa ya ƙi, sannan ya kama rumfa.

Matarsa Ƙulu na san ta sosai. Gajeriya ce, mai dariyar da ake ji daga layi na uku, ita ke dafa mana dambu in kewar gida ta kama mu. Laimar garin nan ce ta shiga ƙirjinta. Ta yi tari har muka gaji da ce mata sannu, daga ƙarshe danginta suka ce a kawo ta gida ta sha iska busasshiya. Ta tafi da niyyar wata biyu, shekaru suka yi ta wucewa. Shi kuwa takardar zamansa ta daɗe da mutuwa, in ya fita ba zai iya dawowa ba, don haka kullum maganarsa ɗaya ce, baɗi. Daga baya kunnenta ya yi nauyi, waya ma ta gagara, sai wata 'yar ƙanwarta ke ɗauka ta isar da saƙo. Abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda ya faɗa mini wata rana ba tare da na tambaya ba, shi ne bai taɓa gina mata ɗaki ba. A ɗakin aro ta yi amarci, a ɗakin haya na katako da kwano ta tsufa.

To, sai ga Kamila, 'yar yayana Alhaji Salman. A nan aka haife ta, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, ga kai kamar dutse, wanda in za a faɗi gaskiya ta wajenmu ta gado shi. A Lomé take karatun zanen gine-gine, ta dawo gida don yin aikinta na ƙarshe, wanda suke kira memwar, da shi za a ba ta babban digiri. Ta zauna a rumfata tana yi mini bayani da hannu biyu. Ta ce in dubi gidajen garin nan, siminti ne ya yi baƙi da gansakuka, ciki zafi, in an rushe shi kuma tarkacen ba ya zama komai. Ta ce malaminta na cewa mai zane na ƙwarai ba ranar buɗe gida kaɗai yake tunani ba, har da yadda gidan zai tsufa da yadda zai mutu, kuma ginin ƙasa ne kaɗai ke komawa inda ya fito ba tare da ya bar wa kowa shara ba. Don haka za ta gina ɗaki ɗaya na ƙasa a filin babanta da ke unguwar Okala, kowane bango da irin yaɓensa, ta bar shi ga ruwa har damina ta wuce, ta auna wanne ya fi jurewa. Na ce ashe duk tafiyar nan wasan ƙasa aka tura ki koya. Sannan, da yake bakina ba ya riƙe magana, na nuna mata maƙwabcina.

Da farko ya ƙi. Ya ce hannu ya manta, ya ce ƙasar nan ba ta da danƙo, ya ce ba giginyar da za a yi azara. Kamila ba ta yi masa musu ba, washegari ta zo da jar ƙasa cikin leda ta ajiye masa a kan tebur tsakanin kwaɗuna. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya ɗauki awa bai taɓa ba, sannan ya tsoma yatsa, ya murza, ya ɗan tofa yawu, ya sake murzawa, ya kai hanci. Da ta dawo da la'asar ya yi mata tambaya ɗaya.

"Ɗakin wa ne, ɗiyata?"

Ta ce ba na kowa ba ne, na gwaji ne, kuma ta faɗa masa ƙarara cewa barin sa za a yi ruwa ya ci. Ina wurin, na ji da kunnena, ba ta ɓoye masa komai ba. Shi kuma ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da manya ke yi wa zancen yara. Bai taɓa shiga ransa ba cewa akwai mai hankalin da zai gina ɗaki don ya zubar.

A watan bakwai suka fara, lokacin da ruwa ke ɗaukewa a nan, sama ta yi toka-toka babu rana babu yayyafi. Ya ce jikinsa na yi masa gardama, don a gida yanzu tsakiyar damina ce, ba mai kwaɓa ƙasa. Amma da ya tuɓe takalmi ya shiga cikin kwaɓi, sai na ga wani mutum daban. Na je kallo ranar wata Lahadi. Wannan tsohon da ke tashi daga benci da ƙyar, shi ne a kan bango yana cafe tubali da hannu ɗaya, har da ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa. Ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na shiga na ji sanyin da rabona da shi tun ina yarinya a Kano, har ƙwalla ta zo mini. Sai dai wajen fita na buga goshi, don ƙofar gajeriya ce ƙwarai. Na ce, Malam, wannan ƙofa ta wada ce ko ta mutane?

Ya ce daidai tsawon Ƙulu ce. A nan ne ya yi mini bayanin al'adar garinsu. Magini ba ya aza tubali sai ya san mai ɗakin, don da tsawonsa ake yanke ƙofa. Tun da yarinyar ta ce ba na kowa ba ne, shi kuma bai iya gina wa ba-kowa ba, sai ya ba Ƙulu. Kuma a wajensu, muddin mai ɗaki na numfashi ba a barin ruwa ya ci masa bango, ko yana wace uwa duniya, wani zai tashi ya yi masa yaɓe. Ranar da ya rasu ne ake cire ƙyaure a bar ɗakin ga damina. Wanda ya ga ɗaki na zubewa ba ya tambaya, ya san an yi rashi. Ni kuwa na san Ƙulu na can kwance ba lafiya, na kuma san abin da Kamila ta gina ɗakin dominsa.

Ruwa ya sauko a watan goma. Kamila ta riga ta kakkafa ƙusoshi a bangon, kawunansu daidai da fuskar yaɓe, yadda in ruwa ya ci ƙasa ƙusa za ta fito ta auna. Aka yi ruwa irin wanda ke tsayar da taksi a unguwar Cocotiers, ta je ta tarar ko kan ƙusa ɗaya bai leƙo ba. Aka sake yi, haka. Yarinya ta zo rumfata tana tsalle, wai ta gano abin da ba a taɓa ganowa ba, har ta aika wa malaminta albishir. Ni dai na ci gaba da ninke atamfa, don na lura maƙwabcina ya daina buɗe rumfa da wuri duk safiyar da aka kwana ana ruwa, kuma yana zuwa da ja a gindin farce.

Ita ma ba ta daɗe ba ta gane. Ta yi sammako wata rana ta same shi da bokiti, yana mayar wa bango abin da ruwa ya ɗiba. A rumfata aka yi shari'ar. Ba ta ɗaga masa murya ba, tarbiyyarta ba za ta bari ba. Ta ce duk awon da ta yi ya tashi a banza, ta ce damina ɗaya gare ta, in ta wuce sai ta maimaita shekara. Ta roƙe shi ya bari. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya faɗa mata abin da ya faɗa mini.

"In na bar shi ya hwaɗi, ɗiyata, na ce ta mutu ke nan. Da bakina ban iya ba, da hannuna ma ban iya ba."

Ta ce, Baba, ai ita ba ta ma san da ɗakin ba. Ya ce shi ya sani.

Na ɗauka za ta sa babanta ya kafa wa filin ƙofa da kwaɗo, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Kwana biyu ba ta zo kasuwa ba. A na uku ta tashi da asuba ta bi shi Okala. Tun da ba za ta iya auna abin da ruwa ya ci ba, sai ta koma auna abin da yake mayarwa, kowane bango bokiti nawa, ina yake fara taɓawa, me yake dubawa kafin ya taɓa. Ta ce mini tambayar tata ce ta canza. Da tana tambayar wane bango ne zai rayu shi kaɗai, yanzu tana tambayar me bango ke bukata daga mutane kafin ya rayu. Malamin nata ya yi ta gunaguni ta waya, daga baya ya yarda. Ban fahimci rabin zancen ba, amma na ga sun daidaita, har ya fara barin ta ta sa hannu a bangon baya inda ba mai gani.

Haka aka ci rabin damina. Duk Juma'a yana kiran gida, 'yar ƙanwar ta ce Inna na barci, ko ta ce Inna ta ji sauƙi tana gaishe shi. Ya ce a faɗa mata ya yi mata ɗaki. Aka ce an faɗa, ta yi murna.

A watan huɗu Aliou, ƙanin Ƙulu, ya iso Libreville da kayan fatauci. Bai sauke kaya ba ya nemi limamin masallacinmu, suka zo tare. Da na ga sun tsuguna a gaban rumfar ba su tambayi kuɗin komai ba, na san abin da ya kawo su. Ƙulu ta rasu tun farkon shekara. Dangi sun ga mutum ne mai hawan jini, shi kaɗai a ƙasar wasu, ba halin zuwa, sai suka ce ba za a faɗa masa ta waya ba, a jira mai zuwa ya faɗa masa ido da ido. Nufinsu alheri ne, na sani, mu ma mun sha yi wa wasu haka. Amma har yau in na tuna watannin da ya yi yana tashi da asuba yana gyara wa matacciya bango, sai in ji haushinsu ya taso mini. Ya yi salati, ya karɓi gaisuwa kwana uku. A na huɗu ya tafi Okala ya cire ƙyauren, ya jingine shi a gindin mangwaro, ya dawo.

Daga nan bai ƙara taɓa ɗakin ba. Ranar Juma'a kawai yake zuwa bayan an sauko, ya tsaya daga nesa ya ga inda ruwa ya kai. Makon farko kusurwar gabas ta zaizaye, ya dawo ya ce mini an fara. A yadda ya faɗa na ji kamar sauƙi ya samu.

Mako na biyu ya dawo bai buɗe rumfa ba. Ya zauna a bencina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce kusurwar ta cike. Sabon yaɓe ne, ɗanye, kuma ba nasa ba ne. Magini na gane hannu a bango yadda muke gane murya. Wannan hannun ƙarami ne, yatsun sirara, shafar ta mace ce, kuma yaɓen ya tsaya daidai inda hannun gajeriyar mace zai kai, daga nan zuwa sama ba a taɓa ba.

"Hajiya, na san wanda ya tahi ba ya dawowa. Na yi karatu, na sani. Amma ta ce a hwaɗa mini ta yi murna."

Ni ma na tsorata, ba zan yi ƙarya ba. Na ce masa ya yi ta addu'a. Mako na uku haka, na huɗu haka. Ruwa ya ci, a wayi gari an mayar. Ya daina cin abinci sosai, wuyansa ya fito. Ya daina tsayawa daga nesa, ya koma shiga ciki yana zama, ya ce in ya rufe ido yana jin motsi a bakin ƙofa, irin na mai kakkaɓe zani kafin ta shigo. Tsoro yake ji, amma kullum da ɗokinsa yake tafiya, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na ga mutum yana bin matarsa da ƙafarsa a hankali.

Ni ban yarda da fatalwa mai ɗaukar bokiti ba. Na je gidan yayana, na tarar da Kamila a gaban kwamfuta tana haɗa zanenta, na kama hannunta na juya. Ta yanke farce, ta wanke da sabulu, amma jar ƙasar Okala ba ta fita da wanki ɗaya. Kuma ita ma ba doguwa ba ce. Na tambaye ta ko don memwar ne, ta ce a'a, awonta ya cika tuni. Ta ce ta je ɗauko ƙusoshinta ne ta ga kusurwar ta zube, ta ga ciyawar cikin tubali a waje, sai ta kasa tafiya. Ta ce ita ta ja shi ya gina, ita ta sa ya ba matarsa, ba za ta iya tsayawa tana kallon abin yana narkewa ba. Ba ta san yana zuwa dubawa ba. Na zage ta iya son raina, tana kuka ina yi, sannan ni ma na zauna na taya ta.

Washegari na kai ta Okala da kaina. Yana ciki a zaune. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta faɗa masa. Ya fito, ya kama hannunta ya kai bango, ya ɗora yatsunta a cikin sawun. Suka zauna daram. Na zaci zai yi ajiyar zuciya, ko ya yi faɗa. Fuskarsa ce kawai ta sauka, na ga an yi masa rasuwar a karo na biyu, kuma mu muka kawo masa ita. Ya daɗe yana riƙe da hannun.

"Hannunki ya yi kyau," in ji shi. "Amma ki bari, ɗiyata. Ki bar ta ta tahi."

Ta bari. Sai dai a ƙarshen watan biyar muke, kuma yarinyar ta koyi aikin da kyau. Aka yi yayyafi sau biyu wanda ko ƙura bai kwantar ba, ruwa ya ɗauke. Ɗakin ya tsaya cak, babu ƙyaure, babu ko tsaga. Alhaji Salman ya ce zai turo leburori su ture shi cikin awa ɗaya don tsohon ya huta. Malam Idrissa ya ce a'a, hannu ba ya rushe ɗakin mamaci, aikin ruwa ne.

Kamila ta koma Lomé ta kare aikinta a gaban malamai, an ce sun yaba ƙwarai. Ta kira ni ranar, ta ce da suka tambaye ta ko ɗakin yana nan, sai ta gyaɗa musu kai kawai.

Yana nan. Yanzu muna watan takwas. Malam Idrissa na buɗe rumfa, yana sayar da kwaɗonsa, da la'asar ya rufe ya hau taksi zuwa Okala. Ba ya shiga ciki kuma. A gindin mangwaro yake zama, kusa da ƙyauren, yana duban sama ta wajen teku. Kowace safiya kafin ya gaishe ni sai ya tambaye ni ko na ji ƙamshin hadari, in ce Malam, kai ma ka san sai watan goma. Jiya ya ce Aliou ya kira shi. Damina ta yi ƙarfi a gida bana, ɗakin da ta yi jinya a ciki ya zube tun makon jiya, har kaji na kiwo a wurin. Na ce Allah ya jiƙanta. Ya ce amin, ya gyara jeren kwaɗunan da ba su karkace ba.

"Su can sun sallame ta, Hajiya," ya ce. "A wajena ne kawai ba ta samu tahiya ba."